Ortiz Mena: Ya ɗaure darajar peso, ya kasa taɓa aljihun attajirai

Duk lokacin da farashi ya yi tashin gwauron zabo a Meziko, sai an tuna da Antonio Ortiz Mena. Lauya ne haifaffen Parral a jihar Chihuahua a 1907, ya riƙe ma'aikatar kuɗi kusan shekara 12, daga 1958 zuwa 1970, ƙarƙashin shugaba Adolfo López Mateos da magajinsa Gustavo Díaz Ordaz. A zamaninsa tattalin arziki ya riƙa haɓaka da sama da kashi 6 cikin ɗari a shekara, hauhawar farashi kuwa ba ta kai kashi 3 ba idan aka daidaita shekarun. Dala ɗaya peso 12.50 ce ranar da ya kama aiki, haka ya bar ta. Duk wanda albashinsa ya taɓa ƙarewa kafin rabin wata ba zai raina wannan ba.

Sai dai a ganina yabon ya wuce gona da iri, domin ba a cika tambayar wa ya biya kuɗin wannan kwanciyar hankali ba. Attajirai dai ba su biya ba. A 1960 gwamnati ta gayyato masanin tattalin arziki Nicholas Kaldor daga Ingila, ya ba da shawarar a haɗa duk abin da mutum ke samu, har da ribar hannun jari, a yanka masa haraji. Manyan 'yan kasuwa suka ce ba su san zance ba, aka zare wa gyaran haƙora. Daga nan gwamnati ta koma cike giɓi da bashin waje da kuma ajiyar da dokar babban banki ta tilasta wa bankuna.

Nauyin a kan talaka ya faɗa. A 1959 sojoji suka murƙushe yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa, jagoransu Demetrio Vallejo ya shafe shekara 11 a kurkuku. Farashin da gwamnati ke sayen masara ya daɗe bai motsa ba, abinci ya yi araha a birni, manomi yana ji a jikinsa. Ba Ortiz Mena ne ya tura sojoji ba, gaskiya ne, amma lissafinsa ba zai tsaya ba da ƙwadago na da baki.

Masu kare shi suna ɗora faɗuwar peso ta 1976 a kan facakar shugaba Luis Echeverría, kuma da ƙamshin gaskiya. To amma Echeverría ya gaji gwamnatin da harajinta bai kai buƙatunta ba, shi kuwa Ortiz Mena ya koma Washington shugabantar bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka a 1971.