Shekara goma da aure, kilomita 70 daga Damagaram

A watan Disamba da ya gabata aurenmu ya cika shekara 10, kuma da yake hutun ranar Jamhuriya, 18 ga wata, ya haɗe da ƙarshen mako, sai muka kai yara gidan kakarsu a Birni, muka kama hanyar gabas mu biyu kaɗai. Tun da muka dawo nake jin magana. Wani ya ce al'adar Nasara ce, wani abokina kuma ya tambaye ni a majalisa ko an shanye ni. Shi ya sa nake rubuta wannan, domin ra'ayina shi ne duk magidancin da Allah ya hore wa kuɗin mai da kwana biyu na hutu ya kamata ya yi irin wannan tafiya da matarsa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, uwargidana haifaffiyar Zangon Damagaram ce, amma ba ta taɓa zuwa Mirya don ta ga gari ba, alhali tsakaninmu da Mirya bai wuce kilomita 20 ba. Ta je sau biyu, ɗaya biki, ɗaya ta'aziyya, daga mota zuwa cikin gida, daga cikin gida zuwa mota. Haka yawancin matanmu suke tafiya. Mu maza mun san hanyar Gure da ta Magarya da ta Tanut kamar tafin hannunmu, su kuwa sun san garuruwan ne a bakinmu.

Da muka fita daga gari, duwatsun nan masu kama da an ɗora su da hannu suna raguwa a bayanmu, hirarmu ba ta wuce ta kullum ba: kuɗin makaranta, buhun hatsi, rufin ɗakin da ke yoyo. Sai da muka wuce lambunan Mirya da manyan kukokinta hirar cefane ta ƙare, muka yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta fara ba ni labarin mahaifinta, Allah ya jiƙansa, da abin da ta so ta karanta kafin a yi mata aure. Shekara goma muna kwana ɗaki ɗaya ban taɓa jin wannan labari ba, kuma na tabbata da muna gida, da kukan yaro ko sallamar baƙo ta katse shi tun a jimlar farko.

Gidimuni muka nufa, kimanin kilomita 70 a kan kwaltar da ta tafi Gure. Tafki ne a cikin kwari, dabino da gonakin rake kewaye da shi, tsuntsayen da ke zuwa lokacin sanyi suna sauka a bakinsa, kuma tun 2019 yana cikin jerin dausayoyin da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Ramsar, mai kare dausayi, ta amince da muhimmancinsu. Duk wanda ya zauna Damagaram ya san abin da ruwa yake nufi a gare mu. Matar da take tashi ƙarfe uku na dare ta duba ko famfo ya kawo, wadda take ƙirga jarkokin ɗan garuwa kafin ta yi wanki, ita ce ta tsaya gaban ruwan da ido bai iya ganin ƙarshensa da kyau saboda hazo. Ta cire takalmi, ta tsoma ƙafa duk da sanyin hunturu, ta ce: "Baban yara, ashe duk wannan yana kusa da mu?" Ban iya amsa mata ba, domin ni na bi ta wurin fiye da sau ashirin, ban taɓa tunanin in kawo ta ba.

Masu cewa al'adar Nasara ce, ina girmama su, amma ba mu yanka kek ba, ba mu kira makaɗa ba, ba mu mai da ranar ibada ba. Miji ne ya yi tafiya da halalinsa. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha a cikin tafiya, ta tsere masa, bayan shekaru suka sake ya tsere mata. Ranar cikar shekara dalili ce kawai da ta hana ni sake cewa sai wani lokaci, kalmar da na shekara tara ina faɗa.

Ba kuma sai mai kuɗi ba. Mun kwana gidan ɗan uwa, mun tafi da dambu da kilishi, mun riƙe katin ɗan ƙasa da takardun mota saboda jandarma, kuma ba mu yi tafiyar dare ba. Abin da na kashe bai kai abin da nake bayarwa gudummawa a bikin aboki ɗaya ba.

Ranar Lahadi muka biyo ta kasuwar Mirya, inda mata masu ginin tukwane suke baje kayansu. Ta daɗe tana ƙwanƙwasa tuluna da yatsa tana sauraron ƙararsu, har ta zaɓi ɗaya, ta riƙe shi a cinyarta tun daga can har gida don kada gargadar hanya ta fasa shi. Yana nan a gindin darbejiyar tsakar gida, daga shi muke shan ruwa, kuma ta riga ta gaya mini cewa baɗi Gure take son gani.