Windows 10 ta zo ƙarshe: ina za mu kai tsofaffin kwamfutocinmu?

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye hannu daga kula da Windows 10. Duk ɓarakar tsaro da aka gano daga baya, ba za a toshe wa kowa ita ba sai wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Kamfanin ya ce a koma Windows 11, amma ita ba kowace na'ura take karɓa ba: tana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0, da injin Intel daga zubi na takwas zuwa sama ko makamancinsa. Da yawa daga laftof ɗin gwanjo da ake saukewa a Computer Village ta Ikeja, suna bazuwa zuwa Kano da Kaduna, ba su cika wannan sharaɗi ba, alhali lafiyarsu ƙalau.

Ni a ganina, yanzu ne ya kamata makarantunmu da ƙananan ofisoshi su dubi Linux, wadda ita ma manhajar tafiyar da kwamfuta ce kamar Windows, da idon basira.

A fara da kuɗi. Lasisin Windows 11 Home dala 139 ne, na Pro kuma dala 199. Mutanenmu ba sa jin zafin wannan farashi, domin mai gyara zai zaro filashi daga aljihu ya ɗora maka ta jabu, ka ba shi na goro ka tafi. Sai dai abin da aka fasa aka ɗora, ba ka san me aka cusa a cikinsa ba, kuma a kan wannan na'ura ce za ka buɗe asusunka na banki. Apple kuwa tun 2013 ba ya karɓar ko sisi a kan sabunta macOS, manhajar da ke tafiyar da kwamfutocinsa, ya riga ya ci kuɗinsa a jikin na'urar. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, kyauta ce ta halal: ka sauke wani nau'inta, kamar Ubuntu ko Linux Mint, ka raba wa wanda ka ga dama.

Ta fuskar aiki, a ba kowa haƙƙinsa. Tun da Apple ya fito da injin M1 a 2020, batirin MacBook yana daɗewa sosai, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a inda wuta ke wuni ba ta zo ba. Amma malamin firamare ina ya ga kuɗinta? Ɗauki tsohuwar laftof mai RAM giga 4, wadda fankarta ke kuka kafin ta buɗe shafi ɗaya, ka sa mata Linux Mint samfurin Xfce marar nauyi, za ka ga ta farfaɗo. Ba kuma manhajar marasa ƙarfi ba ce: tun 2017 dukkan manyan kwamfutoci 500 mafiya sauri a duniya da Linux suke aiki, Android ɗin da ke hannunka ma a kanta aka gina shi.

To me ya sa Windows ta mamaye kasuwa? Sabo da tarin manhajoji. Mai shagon buga katin biki da CorelDRAW da Photoshop yake cin abinci, kuma babu su a Linux, don haka ba zan ce masa ya sauya ba. Birnin Munich na Jamus ma ya yi shekaru a kan Linux, sannan a 2017 ya yanke shawarar komawa Windows. Duk da haka, a 2024 jihar Schleswig-Holstein ta ƙasar ta sanar da mayar da kwamfutoci kusan 30,000 zuwa Linux da LibreOffice, manhajar aikin ofis ta kyauta.

Ɗalibin sakandare da ke koyon buga rubutu, lissafi a jadawali da bincike a intanet ba ya buƙatar CorelDRAW. Ma'aikatun ilimi na jihohinmu su ɗora Linux a kan kwamfutocin da ke ɗakunan karatu yanzu, kuɗin da za a kashe wajen sayo sababbi kuma a horar da malamai da shi, a sa wa ɗakunan sola.