Ƙirga kalmomin shugaban ƙasa ba nazari ba ne

Duk ranar 1 ga Oktoba, ranar tunawa da samun 'yancin kan Najeriya, tun kafin shayin safe ya huce hotunan nan suke fara yawo a Facebook da WhatsApp. A ɗauki jawabin da shugaban ƙasa ya yi da ƙarfe bakwai, a zuba shi cikin manhaja, ta jibgo kalmomi, wasu manya-manya, wasu kamar ƙwayar gero. A ƙasa a rubuta sau nawa ya ce "tattalin arziki", sau nawa ya ce "tsaro", sau nawa ya ambaci matasa. A majalisarmu ta Gwammaja, wani ƙanena da ya gama jami'a ya miƙo mini wayarsa yana cewa, "Yaya, ka gani ko? Alƙaluma ba sa ƙarya." Raina ya ɓaci, domin yaro ne mai kaifin basira, ga shi an koya masa ƙirge a matsayin tunani.

Al'adar aro ce daga jaridun Amurka, waɗanda suka daɗe suna yi wa jawabin shekara-shekara na shugabansu a gaban majalisa irin wannan lissafi. Mu kuma muka ɗauko ta ba tare da mun tambaya ko za ta yi mana amfani ba.

To a gwada ta a kan jawabin 29 ga Mayun 2023 a dandalin Eagle da ke Abuja. Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi. Gajeriyar jimla ce, kuma shi da bakinsa ya faɗa daga baya cewa ba ta cikin rubutun da aka shirya masa. Kafin kwana uku litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta koma 540 a nan Kano. Na tsaya a titin Zoo Road a wancan makon ina kallon wata dattijuwa da ɗan adaidaita sahu suna ja-in-ja, tana cewa "Ɗan nan, jiya fa ba haka na biya ba," shi kuma yana nuna mata layin gidan mai da hannu. Daga nan wutar ta kama kwanon masara a kasuwar Dawanau, ta kama buhun shinkafa a kasuwar Singa. Da an zuba jawabin ranar a manhajar ƙanena, wannan jimla can lungu za ta maƙale, sai an sa tabarau.

Masu cewa yawan maimaita kalma yana nuna abin da ke zuciyar shugaba sun manta ba shi yake rubuta jawabin ba. Akwai ma'aikatan da aikinsu ke nan, kuma sun san ana ƙirgawa. Me zai hana su yayyafa "matasa" a kowane sakin layi? Ko kwabo ba za su kashe ba. Manhajar kuwa ba ta bambance "mun gina" da "za mu gina", duk gini ta gani. Ba ta san "tsaro ya inganta" da "tsaro ya taɓarɓare" kishiyoyin juna ba ne. Abin da aka ƙi ambata kuwa, wanda sau da yawa nan gizo ke saƙar, ba ya shiga lissafinta ko kaɗan.

Ga kuma batun harshe. Da Turanci ake jawabin, mu kuwa akasarinmu ta bakin masu fassara muke jin sa. Kalma ɗaya wannan gidan rediyo ya ce "gyara", wancan ya ce "garambawul", na uku ya ce "sauye-sauye". Wanne mai ƙirgen ya ƙirga?

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne 'yan jarida ma sun fara ɗauka, saboda aikin minti biyar ne. Wannan lalaci ne, ba wani suna. Aikin gaske shi ne a ɗauko jawaban baya a bi alkawuran ɗaya bayan ɗaya. A jawabin Oktoban 2023 an ce za a faɗaɗa tallafin kuɗi zuwa ƙarin gidaje miliyan 15 na marasa galihu. A na 2024 an yi alkawarin taron matasa na ƙasa na kwana 30. Editocin gidajen rediyonmu su tura wakilai Kurna da Fagge da Ɗorayi, su shiga zaure-zaure su tambayi masu gida wa ya ga kuɗin a asusunsa, sau nawa, kuma matashin wace unguwa aka gayyata taron.