Huɗu da huɗu a kwalin waya ba takwas ba ne

Ranar Litinin Kawuna ya shigo rumfata ta gyaran waya yana haɗa gumi, ya dangwarar da salularsa a kan tebur. Ko wata biyu ba ta yi a hannunsa ba. Ya ce, "Ɗana, duba mini abin nan, ya ja mini asarar ciniki." Yana tsakiyar magana da wani mai sayen aya daga Jibiya, ya fita WhatsApp don ya ɗauki hoton buhuna, kyamara ta ƙi buɗewa, allo ya daskare. Da ya koma, saƙon da ya fara rubutawa ya ɓace. Jika saba'in ya ƙirga a babbar kasuwar Maraɗi, saboda mai shago ya nuna masa giga 8 na RAM a jikin kwali.

Na juya kwalin. Can ƙasa, da rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero, an sa 4+4. Wallahi raina ya ɓaci, don wannan ha'inci ne tsagwaronsa, kuma kusan kullum sai na gan shi a rumfar nan.

RAM ita ce tabarmar da ɗan kasuwa yake baje kayansa, hannu na kaiwa nan take. Ma'ajiyar waya kuwa sito ne a bayan kasuwa. Huɗun farko tabarma ce ta gaske. Huɗu ta biyu wani lungu ne aka yanka a sito, shi ake kira suwaf. Android a kan kanel ɗin Linux take tafiya, wato zuciyar manhajar da ke sarrafa wayar, shi kuma kanel yana yanka RAM shafi-shafi, galibi kilobayit 4 kowanne, ka ga giga 4 shafi miliyan ɗaya da ɗoriya ke nan. Idan wuri ya ƙure, wani ma'aikacin kanel mai suna kswapd yana tashi ya nemo shafukan da aka daɗe ba a taɓa ba, a matse su da zram, wato dabarar matse shafuka a cikin RAM ɗin kanta, ko a kai su sito. To, ɗauko shafi daga sito ya fi ɗauko shi daga RAM jinkiri ninki ɗaruruwa. In kanel ya yi kuskuren zaɓe, ya fitar da shafin da za a nema yanzu-yanzu, sai a dawo da shi, a fitar da wani, shi ma a neme shi. Haka waya za ta yi ta jigila, ta ɗauki zafi, batir na zuba, aiki bai ci gaba ba. Ga kyamara tana son wuri a jere, dole sai an kwashe shafuka an matsar da su gefe kafin ta samu. Da abin ya faskara, wani ma'aikacin Android mai suna lmkd ya kashe manhajar da ke baya. Shi ya cinye saƙon Kawu.

Abin da ya fi ƙona mini rai, masana sun yi aiki a kan matsalar nan. zram ya zauna daram a Linux tun 2014. A Disambar 2022 Linux 6.1 ya fito da MGLRU, sabuwar hanyar gane shafin da ya yi sanyi da wanda ake kan amfani da shi, injiniyoyin Google suka kawo ta. Na buɗe bayanan wayar Kawu, kanel 4.19 ne a ciki, na 2018! Waya sabuwa dal a leda, zuciyarta tsohuwa, kuma ba wani sabuntawa da ya taɓa shigo mata. Kamfanin bai kashe kuɗi ya gyara cikinta ba, sai ya ƙara lamba a kwali ya turo mana. Mu ne juji?

Da la'asar na hau kabu-kabu na sami mai shagon. Na ce, "Alhaji, tsakani da Allah, ka san huɗu ce a ciki?" Ya ce shi abin da kamfani ya rubuta ya faɗa. Na ce to ka karanta wa mutum rubutun duka mana, har da ƙananan. Dattijon da bai san boko ba ya amince da kai, ya ba ka kuɗin guminsa, kai kuma ka sayar masa da lungun sito da sunan tabarma.

Na kashe wa Kawu wannan ƙarin na bogi, na cire manhajoji shida da suka zo da wayar ba wanda ya neme su. Ta ɗan sassauta, amma har yanzu kyamara sai ta yi jinkiri. Alhaji ya ce ba ya mayar da kuɗi. Gobe da safe ni da Kawu za mu koma da kwalin, mu kai maganar gaban shugabannin 'yan kasuwa.