A Leuven aka ce mini Musulmi ba ya bincike

Makon jiya na je wata lacca a Leuven, nan Beljiyam, kan asalin sararin samaniya. Zaure ne mai kujerun katako hawa-hawa, kowa ya rataye rigar sanyinsa a bango, tsofaffi da sanduna sun cika sahun gaba suna rubutu kamar 'yan aji ɗaya. Da aka tambayi malamin me ya gabaci komai, sai ya ce lissafi ya tsaya a nan, kuma shi bai rufe ƙofar cewa akwai wani Mai hikima a bayan abin ba. Zuciyata ta yi sanyi. Muna fita, wanda ya zauna kusa da ni ya ce: "Ku Musulmi ai kun huta, kuna da amsa, ba ku bukatar bincike."

Wallahi maganar ta sosa mini rai. A garin nan fa Georges Lemaître ya koyar, limamin Katolika ne, kuma shi ya nuna a 1927 cewa samaniya faɗaɗa take yi. Imaninsa bai hana shi lissafi ba. Fred Hoyle kuwa, masanin taurari ɗan Birtaniya, wanda ya raɗa wa ra'ayin cewa samaniya daga ɗigo guda ta faro tana faɗaɗa suna Big Bang a rediyon BBC a 1949 yana adawa da shi, daga baya da kansa ya ce yadda sinadarin kabon ke samuwa cikin taurari ya yi kama da aikin wani hankali mafi girma. To don me namu imanin kaɗai zai zama lalaci?

Na yarda, a gida yaro kan yi irin wannan tambaya a ce masa "kul, kada ka yi saɓo", kuma hakan ba daidai ba ne, tunda Alƙur'ani kansa cewa ya yi a yi tunani cikin halittar sammai da ƙasa. Su Turawan nan suna da haƙurin sauraro. Amma mutum ya kai saba'in yana "wataƙila"? Tsohuwata a Maraɗi ba ta san samaniya ta shekara biliyan 13.8 ba, amma ta san wa za ta kira idan ciwo ya tashi da dare.

Abin da ke hana ni barci ɗana ne. Ya fara dawowa daga makaranta yana cewa kowa da tasa gaskiyar, kuma ba kaka ko kawu kusa da za su zaunar da shi. Mun yi shawara da mahaifiyarsa, hutun bana a gida zai yi shi, wurin malaminmu na allo.