Masu sayar da "sirrin arziki" da ɗan kasuwar Mile 12

A 'yan watannin nan da wuya in buɗe wani zauren WhatsApp na 'yan kasuwar Arewa mazauna Legas ban tarar da tallar wani "ƙwararre" ba, wanda ke alkawarin koya wa mutum yadda zai ninka jarinsa cikin kwana talatin, muddin ya biya kuɗin aji. Na daɗe ina kawar da kai, har sai da wani matashi mai sayar da albasa a Agege, wanda na san mahaifinsa tun a gida, ya nuna mini abin da ya samo bayan ya biya nasa kuɗin. An ce masa ya buɗe shafi a Instagram, ya sa a zana masa tambari, sannan ya karɓi rance a manhajar waya ya cika rumfarsa da kaya. A duk tsawon ajin ba wanda ya tambaye shi kwana nawa buhun albasa ke yi a gabansa kafin ya ƙare.

Wannan tambayar da suka tsallake ita ce gaba ɗayan maganar. Ƙaramar sana'a tana saurin girma ne gwargwadon saurin juyawar jarinta, wato tsawon lokacin da kuɗi ke ɗauka ya zama kaya, kayan ya sake komawa kuɗi a hannun mai shi. Mai jarin naira dubu 200 da ke cin ribar kashi 5 cikin ɗari a kowane sari, idan yana juya kuɗinsa duk kwana uku, zai tashi da kimanin naira dubu 100 a wata. Maƙwabcinsa mai naira miliyan ɗaya da ke cin kashi 8, amma kayansa sai sun yi wata guda kafin su ƙare, dubu 80 zai tashi da ita, ga kuɗin hayar wurin ajiya a kansa. Dattawan Mile 12, babbar kasuwar kayan gwari ta Legas, sun san wannan lissafi ba tare da wani ya zaunar da su a aji ba, domin tumatirin da ya sha tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Kano ba ya jiran kowa: ko dai a sallame shi da safe ko da ragi ne, ko kuma a kwashe shi da yamma a matsayin ruɓaɓɓe.

Abin da ke daƙile wannan juyi a wurin mutanenmu kuwa ba ɓoyayye ba ne, kunya ce kawai ke hana a faɗa. Na farko bashi. Mai gidan abinci za ta ɗauki kwandon attaruhu ta ce sai ta sayar, mai tsire zai ɗauki albasa ya ce gobe, ɗan garinku ya ɗauka bai ma ce komai ba, kuma duk wannan a ka ake riƙe shi, babu littafi babu ranar biya. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma kuɗin da ya kwana goma a hannun wani ya cinye wa mai shi juyi uku, kuma wannan asara ba ta fitowa a ko'ina balle a yi kukanta. Na biyu aljihu ɗaya. Kuɗin shago da na cefane da wanda za a aika gida da na ɗinkin Sallah duk daga wuri guda suke fita, har mutum ya fara cin uwar kuɗi yana zaton riba yake ci. Wanda ke cikin wannan hali, in an ƙara masa jari, an ƙara wa tulu mai yoyo ruwa ne.

Shi ya sa shawarar cin rance ta fi komai ɓata mini rai. A watan Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke bayarwa, manhajojin waya kuwa nasu ya wuce misali, ga gajeren wa'adi. Ba a manta yadda wasunsu suka riƙa aika saƙon tozarci ga duk lambobin da ke wayar wanda ya makara ba, har hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta shiga maganar. Ko an ajiye hukuncin riba a addini, wanda bai kamata a ajiye ba, lissafin kansa ba ya fita. Sannan ƙasar da ake kasuwancin a kanta ba ta da tabbas: wanda ya ci bashi ya sayi babur, a watan Yunin 2022 gwamnatin Legas ta haramta acaɓa a ƙananan hukumomi shida, kuma bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin motar da ke ɗauko kaya daga Arewa ya yi tashin gwauron zabo. A duka lokutan biyu ba mai ba da rancen da ya ɗaga wa kowa ƙafa.

Waɗannan malaman bogi suna son kafa hujja da Aliko Ɗangote, wai shi ma da rance ya fara a 1977. Suna mantawa da gangan cewa rancen daga kawunsa ne, cewa a gidan Ɗantata ya tashi inda fatauci gado ne, kuma kayan da ya fara da su, irin su siminti da shinkafa da sukari, kaya ne da ba sa kwana a kasuwa. Kwaɗayin da suke kiwo a zukatan matasa shi ne dai wanda tsarin damfarar ninka kuɗi na MMM ya yi kiwo a 2016, irinsa na CBEX ya sake girba a 2025. Bambancin kawai shi ne waɗannan suna karɓar nasu kaɗan-kaɗan, su kira shi ilimi.

Masu cewa babu abin da zai yiwu sai gwamnati ta ba da tallafi, su ci gaba da jira. Masu cewa zamani ya canza, dole a koma intanet, suna da rabin gaskiya, sai dai fasahar da ta amfani ɗan tireda da mai nama ita ce na'urar POS da karɓar taransifa, waɗanda suka ceci ciniki lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, da kuma WhatsApp ɗin da mai gidan abinci ke aiko odarta ta gobe tun da dare. Duka suna gaggauta dawowar kuɗi ne, abin da tambari mai launi ba ya yi.

Shugabannin kasuwanni a Mile 12 da Agege su ne ya kamata su karɓe wannan fili daga hannun 'yan talla. Su haɗa ƙananan 'yan kasuwa su riƙa sari tare don rage kuɗin mota, su tsare adashi da amana, su matsa a koma zuba tumatir a akwatunan roba maimakon kwandon da ke matse shi a hanya, su kuma sa wa bashin kasuwa wa'adi. Shi kuwa yaron Agege, na saya masa littafi mai bango ja na ce ya rubuta sunan duk wanda yake bi. Da ya haɗa jimilla, kuɗinsa da ke hannun mutane ya zarce rancen da ake zuga shi ya karɓa.