Bayan jaje, wa zai ƙwanƙwasa bango?

Kwana huɗu da janyewar ruwan ambaliya na je yi wa wani aminin mahaifina jaje a wata unguwa da ke gaɓar Kogin Kaduna. Na tarar da shi a tsakar gida, katifu uku a jingine da katanga suna ɗigar ruwa, littattafan jikokinsa an shanya a kan kwano an danne da duwatsu. A jikin ɗakin kuwa ga shatin da ruwan ya bari, ya kai ƙugun babban mutum. Na ce, "Baba, ya muka ji da wannan abu? Allah ya mayar da alheri." Ya ce, "Amin, ɗana. An zo an rubuta sunayenmu, an ba mu shinkafa da tabarmi, mun gode. Sai dai har yanzu ban ga wanda ya ƙwanƙwasa bangon nan ya ce mini in kwana a ciki ko kada in kwana ba."

Maganar nan ta tsaya mini a rai, domin ita ce ciwonmu a Kaduna. Mun iya jaje, mun iya rabon kayan agaji, ba na kuma raina su, wanda ya kwana da yunwa ya san darajar mudun shinkafa. Amma agaji na mako guda ne, gyara kuwa na shekara ne, kuma a nan ake barin mutum daga shi sai halinsa.

Ruwa ba a ranar da ya shigo yake gama ɓarnarsa ba. Bulo yana shan ruwa kamar soso, yana ɗaukar makonni kafin ya bushe har ciki. Wanda ya yi gaggawar yin filasta da fenti ya kulle damshin ne kawai, bayan 'yan watanni sai ka ga farin gishiri yana fesowa, fenti yana ɓanɓarewa. Ginin ƙasa ya fi haɗari: gindin bango ya jiƙe, sama tana nan da nauyinta, shi ya sa sau da yawa ɗaki ba ya faɗuwa ranar ambaliya sai bayan kowa ya saki jiki ya koma. Ga soket ɗin da laka ta cika, a dawo da wuta a samu tartsatsi. Ga rijiyar da ruwan shadda ya malala cikinta, wadda in ba a yashe ta an zuba sinadarin kulorin ba, amai da gudawa ne zai biyo baya. Duk wannan birkila mai hankali da mai wayarin sun sani, ba sai an ɗauko kowa daga waje ba. Babu dai wanda aka ɗora wa alhakin kai su.

Gobara ma haka take, musamman a kasuwanninmu, inda ɗan kasuwa ke ganin kowace rana da shago a rufe asara ce. Kankare idan ya sha zafin da ya kai digiri 300 na ma'aunin Celsius yakan sauya launi ya yi ja-ja, alamar ƙarfinsa ya fara tafiya ke nan. Ƙarfe kuma kafin zafi ya kai digiri 600 ya rasa kusan rabin ƙarfinsa. Amma me muke gani? A goge baƙin hayaƙi, a shafa siminti a kan tsaga, a ɗora sabon kwano, a zuba kaya. Ba na ganin laifin mai shagon, bashi ne a wuyansa. Galibin kayan da suka ƙone ma ba nasa ba ne, na dila ne ya karɓa da alƙawarin in ya sayar ya biya, littafin da aka rubuta bashin kuma ya ƙone tare da kayan.

Sannan akwai ɗan haya, wanda ba a cika tunawa da shi ba. Idan aka zo ƙirga ɓarna, gida ake ƙirgawa, mai gida ake nema. Telan da kekunansa biyu suka narke, ko matar da firizarta ta ƙanƙara ta nutse, su ba su da bangon da za a auna, alhali sana'arsu ce ta rushe.

Mu a Kaduna bai kamata a koya mana abin da rashin gyara ke haifarwa ba. Bayan rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002, da kuma na bayan zaɓen 2011, mutane da yawa ba su sake gina gidajensu da aka ƙona ba. Sun sayar da kangon a wulaƙance, ko sun yi musaya, kowa ya nufi inda 'yan'uwansa suke. Tsoro ne babban dalili, babu musu. Amma wanda ke son komawa ma, da me zai koma? Haka kogin da ya ratsa gari ya zama iyaka, wasu suka tattara a Rigasa da Tudun Wada, wasu a Sabon Tasha da Narayi. Kangon da aka bari jiya shi ya tsara mana taswirar garin da muke ciki yau.

Tudun Biri ta nuna cewa in an so ana iyawa. Jirgin soja maras matuƙi ya kashe masu Maulidi a ranar 3 ga Disamba 2023, a watan Yulin 2024 kuma Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya je ƙauyen ya ƙaddamar da aikin sake tsugunar da waɗanda rikici ya shafa. Abin a yaba ne. Sai dai wannan masifa ce da duniya ta sa wa ido, kuma duk da haka sai da aka yi wata bakwai. Ina ga ɗakin Baba da ko gidan rediyo bai ambata ba?

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Duk lokacin da hukumomin agajin gaggawa na jiha da na tarayya, wato SEMA da NEMA, suka fita ƙirga waɗanda abin ya shafa, a haɗa su da injiniyan gini da mai wayarin, su bi gida-gida su ce wannan a shiga, wannan a jira ya bushe, wannan a rushe. A rubuta 'yan haya da kayan sana'arsu a takarda daban. Taimakon kuma ya zo kashi-kashi, siminti lokacin da bango ya bushe, ba ranar ɗaukar hoto ba, don buhun siminti in ya kwana a damshi dutse yake zama. Inda kuwa gida ke kan hanyar ruwa, hukumar tsara birane ta jiha, KASUPDA, ta faɗi gaskiya, amma a nuna wa mutum filin da zai koma kafin a shafa masa jan fenti.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa su ma da nasu. Da yawanmu muna ƙyamar inshora saboda shakkar halascinta, to tun 2013 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshorar Musulunci, wanda tushensa taimakekeniya ne, bai yi nisa da adashin da muka saba ba. Layin 'yan yadi guda zai iya shiga a ƙungiyance.

Na sake leƙa Baba bayan wata uku. Bai jira kowa ba, ya ranto kuɗi ya yi filasta da fenti saboda bikin 'yarsa. Daga ƙasa zuwa daidai inda ruwan ya tsaya, fentin duk ya kumbura. Ya sa yatsa ya ɓantaro guda ya nuna mini, ya ce, "Ka gani, ɗana, bashin ma ban gama biya ba."